Kayan Aro a Ɗakin Gwaji

Tun da Alhaji Sabitu ya fara bayani, Sufeto Hammajoda ya ji zancen bai kwanta masa ba. A saninsa, wanda aka yi wa sata kururuwa yake yi, shi kuwa wannan sai tsara magana.

Alhajin yana da makarantar kuɗi a Fadaman Mada. Ya ce an kwashe kayan ɗakin gwaji kaf, ga shi yau jami'an tantancewa za su zo duba ko makarantar ta isa zama cibiyar jarrabawa.

"Wa kake zargi, Alhaji?"

"Malama Christiana mana, mai koyar da kimiyya. Makulli na hannunta."

Aka tsare ta a ofishin 'yan sanda. Idan laifin ya hau kanta, gidan yari ne, koyarwa kuma ta ƙare. Amma duk tambayar da Sufeto ya yi mata, sai hawaye.

Ya je makarantar. Kwaɗon ƙofa lafiya lau, famfon ɗakin gwajin kuma ko bututu ba a haɗa masa ba. Ya tare wata ɗalibar ajin ƙarshe, Yelwa.

"'Yan mata, yaushe rabonku da madubin duba ƙwayoyin cuta?"

"Bara muka gan shi, ranka ya daɗe, ranar da baƙi suka zo. Da yamma aka mayar da shi a Keke Napep."

"Aka mayar ina?"

"Tirwun."

A makarantar Tirwun ya tarar ana ta goge-goge, su ma yau baƙinsu. Ga madubi, ga kwalabe, ga sikeli. Ya sa farce ya ɓare sunan da aka manna a jikin madubin. Ƙarƙashinsa sunan makarantar Alhaji ne, ƙarƙashin wannan kuma na wata ta uku. Ashe kaya ɗaya ne suke karɓa-karɓa, duk mai baƙi ya ara. Kayan aro dai ba ya rufe katara.

Ya dire madubin a gaban Alhaji Sabitu.

"Ga kayanka, Alhaji. Ko in ce kayanku?"

Alhaji ya ce, "Rana ce ta haɗe mana, Sufeto. Na ce in aka ji sata, za a ɗaga mana zuwa wani mako."

"Ita malamar fa?"

"Ai da na sa baki an sake ta daga baya."

Ran Sufeto ya ɓaci ƙwarai. Ya sa masa ankwa da kansa, aka wuce da shi mota.

Da ya buɗe wa Christiana ƙofa, ya ce, "Malama, kin sani kika yi shiru?"

"Na sani, Oga. In na faɗa, a hana mu cibiya." Ta share fuska. "Yanzu yarana a ina za su rubuta jarrabawa?"