Zobe a Fiffiken Jemage

Magariba ta kawo jiki, Mama tana tsakar gida tana kwashe shanya, sai dutse ya faɗo a kan rufin kwano. Ta ɗaga kai ta ja tsaki, a zatonta yaran maƙwabta ne. Wani ya sake faɗowa, wani ya biyo bayansa, sannan aka yi tsit, har kajin da ke shirin shiga akurki suka tsaya cak. Abin da ya tayar mata da tsikar jiki shi ne duwatsun ba su gangaro ba. Ta tsaya rungume da zannuwa tana jiran jin ƙarar gangarowarsu, har aka kira salla ba ta ji ba.

Su uku ne a gidan: Mama, da Baba wanda ya yi ritaya daga aikin gidan ruwa, da Auta. Sauran 'ya'yan duk sun yi aure sun watse. Auta kuwa ilimin dabbobi ta karanta a jami'a, ta gama, ta koma digiri na biyu, kuma duk halittun da Allah ya watsa a bayan ƙasa ta rasa wadda za ta zaɓa sai jemage. Abin nan ya daɗe yana tsaye wa Mama a rai. In mata suka tambaye ta a gidan biki me Auta ke karantawa, sai ta ce, "Harkar dabbobi dai," ta yi maza ta shiga wata hirar.

Aikin kansa ba boyayye ba ne. Da yamma Auta kan ɗauki raga mai laushi, da tocila, da safar hannu, ta tafi wani kangon sito a bayan gari ita da abokan karatunta. Su kafa ragar a bakin ƙofa, jemagu na fitowa kiwo su faɗa ciki. Ta auna kowanne, ta maƙala masa ɗan mitsitsin zoben ƙarfe mai lamba a ƙashin fiffike, ta sake shi. Bayan watanni a sake kama su, a ga wanda ya rayu, da wanda ya yi ƙiba, da wadda ta haihu. Duk bincikenta a kan zobban nan ya rataya, kuma kamu ɗaya ya rage mata ta zauna ta rubuta kundinta. Baba kan tsokane ta cewa kowane jemage ta ba shi zobe, ita ko ɗaya ba ta yarda ta karɓa ba.

Tun daga ranar duwatsun nan, babu magaribar da ta ƙara wucewa lafiya. Bayan jifa sai murya ta biyo baya, muryar mace daga bayan katanga, tana kira irin kiran da uwa ke yi wa yaron da ya daɗe a waje. Ba a jin sunan da take kira, ja kawai ake ji, da rawar murya a ƙarshe. Baba ya fita da sanda ya zagaya gidan, ya dawo ya zauna kusa da ƙofa yana jan carbi.

Sannan abin ya faɗa kan Auta. Yarinyar da ba ta zama wuri ɗaya ta koma kwanciya a ɗaki, ta saki labule, ba ta son haske, ba ta son abinci. Aka kai ta asibiti, aka ɗebi jini, aka ce ba a ga komai ba. Mama ce ta fara lura da wani jan layi da ya zagaye mata hannu a ƙasa da gwiwar hannu, kamar an matse wurin da waya. Kullum yana ƙara nutsewa cikin fata.

Wata yamma ta shiga kai mata shayi, ta same ta tsaye a lungun ɗaki, fuska a bango, kai a sunkuye, hannaye a naɗe a ƙirji.

"Auta?"

Ba ta juyo ba. Muryar da ta amsa ta bayan katanga ce.

"Ina ɗana?"

Kofin ya suɓuce daga hannun Mama. Tsoro ta ji, irin wanda ba ta taɓa ji ba tun da aka haife ta, amma ba ta gudu ba, don 'yarta ce a tsaye a wurin.

Washegari Baba ya zo da Malam, tsohon abokinsa, ɗan siririn dattijo mai yawan tari, wanda ya daɗe yana yi wa mutane ruƙiyya. Ba shi da hayaniya. Bayan an idar da sallar magariba ya sa aka zaunar da Auta a falo, ya zauna nesa kaɗan, ya fara karatu a hankali. Duwatsu suka dinga sauka a kan kwano kamar ƙanƙara, bai ko ɗaga kai ba. Jikin Auta ya ɗauki rawa, Mama ta riƙe mata kafaɗu, tana jin zafinsu har cikin tafin hannunta.

Can Malam ya dakata. "Wace ce ke? Me yarinyar nan ta yi miki?"

"Ta sa wa ɗana ƙarfe."

"A ina?"

"A kangon da muke zaune. Yaro ne, ƙiriniya gare shi. Yakan rikiɗe ya shiga cikin jemagu, su fita tare da yamma. Na hana shi, bai hanu ba. Ya faɗa ragarta, ta ɗaure masa fiffike. Mu ƙarfe kulle mu yake yi. Tun daga ranar ya kasa komawa siffarsa."

"Ba da saninta ta yi ba," in ji Malam. "Ki ji tsoron Allah. Faɗi wanne ne, a cire masa, ki fita."

Sai muryar ta karye. "Ban sani ba. Ya manta magana, ya manta muryata. Kullum ina shiga cikinsu ina kira, duk su zuba min ido iri ɗaya. A cire na kowa da kowa. In ba haka ba, wannan ta zauna a hannuna kamar yadda nawa ya zauna a nata."

"Ba ki da wannan ikon. In na ci gaba da karatu, ƙonewa za ki yi."

"To ƙona ni, Malam. Da me ka ɗauka nake kwana?"

Mama ta so ta tsani mai muryar nan, ta nemi tsanar a zuciyarta ta rasa. Ta tuna ranar da babban ɗanta ya ɓace a kasuwa yana ƙarami, yadda ta dinga juyo da kan yaran mutane tana duba fuskokinsu.

Malam ya yi tari, ya ce, "Aikin ba nawa ba ne, ba na iyayenta ba ne. Matsa gefe, a tambayi mai shi."

Auta ta yi ajiyar zuciya, ta buɗe ido, idonta na gaskiya. Baba ya mayar mata da abin da aka ce. Ta daɗe tana kallon hannunta.

"Mama, in na cire su shi ke nan fa," ta ce a hankali. "Ba zobe, ba sakamako. Duk shekarun nan sun tafi. Me zan gaya wa Farfesa?"

Ga abin da Mama ta daɗe tana roƙo ya zo har gida, a rabu da jemagu kowa ya huta. Amma ko ɗigon daɗi ba ta ji ba, tausayin 'yarta ne ya kama ta.

Auta ta share hawaye da bayan hannu. "A ɗauko min filayata ta ɓamɓare zobe a jaka. A buɗe tagogi. Mama, ki rufe bakin tocilar da jan ƙyalle, farin haske yana firgita su."

Ba a daɗe ba aka ji jemagun tafe, kamar iska a cikin busassun ganyaye. Suka dinga shigowa ta taga, suna maƙalewa a labule, a jikin fanka, a bayan kujeru, har a kan agogon bango. Baba ya manne a kujerarsa, carbin ya tsaya a hannunsa. Malam ya ci gaba da karatu ƙasa-ƙasa.

Auta ta sa safar hannu, ta ciro na farko daga labule. Mama na riƙe da tocila, kuma a ranar ta fara ganin aikin 'yarta da idonta. Ta ga yadda take kwantar da ɗan tsurut ɗin a tafin hannu, ta buɗe fiffiken da yatsa ɗaya, ta ɓamɓare zoben ba tare da ta taɓa fata ba. Ta san su ɗaya bayan ɗaya. "Wannan tsohuwa ce, bara ta haihu. Wannan mafaɗaci ne, ya taɓa cizona." Tana magana hawaye na zuba, zobban na faɗawa cikin tasa ɗaya bayan ɗaya.

An kai wajen rabi ta ɗauko wani ɗan ƙarami mai yagaggen kunne. Zoben na faɗawa tasa, hannunta ya yi ƙasa kamar an ɗora mata jariri, sai kuma ta ga babu komai a ciki. Daga bayan katanga kukan yaro ya tashi, da muryar mace tana rarrashi, tana faɗa, tana sake rarrashi. Muryoyin suka yi ta nisa har suka ɓace. Jan layin da ke hannun Auta ya saki, ya bar farin tabo siriri.

"Alhamdu lillahi," in ji Malam. "Ta tafi. Ya isa haka, 'yata. Ki bar sauran, ko kya tsira da wani abu."

Auta ta ɗaga kai ta dubi waɗanda suka rage a jikin fanka, zobbansu na ƙyalli cikin jan haske. Mama ta ga yadda take son ta bar su, ta gani ƙarara a fuskarta. Amma Auta ta miƙa hannu ta ciro na gaba.

"Malam, wa ya san ko akwai wata uwar da ba ta gano gidanmu ba?"

Mama ta gyara riƙon tocila ta ƙara matsowa. Lokacin da na ƙarshe ya fita ta taga, sai suka ji ƙara a sama: duwatsun da suka taru a kan kwano ne suke gangarowa, suna zubowa tsakar gida.

Auta ta warke, amma kundin bai rubutu ba. 'Yan ajinsu suka gama suka bar ta, ta koma ta faro bincike daga tushe, wannan karon da na'urar naɗar sauti, ba raga, ba ƙarfe. Takan fita da yamma kamar da, sai dai yanzu Mama kan tsaya a bakin ƙofa har ta dawo, ta tambaye ta ko tsohuwar jemagen nan tana raye.

A wani gidan suna, wata mata mai son jin ƙwaƙwaf ta karkato ta ce, "Wai har yanzu Auta ba ta gama ba? Me ma take karantawa ne?"

Mama ta ajiye kofin da ke hannunta, ta dube ta ido cikin ido.

"Jemage," ta ce. "Gyara zama in ba ki labarinsu."