Gilashi na Uku

Duk shagunan layin sun rufe, mai gyara ya sa sakata daga ciki, yana kwance fuskar kwamfutar wata malama yana ƙunƙuni. Sau biyu ke nan yana sa mata sabon gilashi tana dawowa da shi a fashe, yau har ta kira shi mai sayar da jabu a gaban mutane. Na ukun nan kuwa daga aljihunsa zai fito.

"Kada ka sa," in ji wani a bayansa. Muryar siririya ce, tana karkarwa kamar ta fito daga fasasshiyar sifika.

Mai gyara bai ko waiga ba. "Malam, an tashi. Kai ne maigidanta? To ka ja wa yaranka kunne. Ka san tsadar gilashin nan yanzu? Ribar sati guda ce cur, ni na yi asara, ni kuma na sha zagi."

Ya fizgo tsohon gilashin zai wurgar, sai yatsansa ya ji wani abu. Duk gilashin da aka buge, ciki yake lotsawa. Wannan waje ya kumburo, kamar daga ciki aka turo shi.

A hankali ya juya. Sakatar tana nan yadda ya sa ta. Gashin baƙon da kafaɗunsa sai ƙyalli suke da ɓurɓushin gilashi.

"Kullum sai ka toshe min hanya," in ji baƙon. "Ta ina kake so in riƙa fita?"