Bambar da Manaja Ya Ƙi Yarwa

Mutumin da ya kaɗe Baba Mai Shara bai tsaya ba. Ya ji ƙarar, ya hangi tsohon a madubi yana kwance, ya ƙara wuta. Kaɗewar za a iya cewa tsautsayi ne. Guduwar kuwa rashin imani ce, ba ta da wani suna.

Da sassafe aka kira ofishin 'yan sanda. Kafin Sufeto da Sajensa su isa shataletalen da abin ya faru, rai ya yi halinsa. An lulluɓe gawar, tsintsiyarsa mai dogon hannu tana can bakin kwalbati. 'Yar marigayin tana durƙushe a gefe riƙe da takalminsa ƙafa ɗaya. Ba ta kuka. Da Sufeto ya yi mata gaisuwa, abin da ta ce kawai shi ne, in an kama mutumin tana so ta ga fuskarsa.

Kusa da tsintsiyar Sufeto ya tsinci wani ɓallin roba ruwan toka, bai fi tafin hannu ba. Ya juya shi, ya gwada lanƙwasa shi. Roba ce mai kauri, da rabin tambarin kamfani a cikinta.

"Bambar mota ce," ya ce wa Saje. "Kuma ta kamfani, wadda mota ke fitowa da ita. Ta kasuwa ba ta wannan kauri."

"Ai kai ne masani, yallaɓai," in ji Saje. "Ta motarka da waya aka ɗaure ta."

Sufeto ya harare shi, amma bai musa ba. Tsohuwar motarsa ta ci bambar kasuwa har ya san halinta kamar na maƙwabci.

Mai sayar da jarida a shataletalen ya ce ya san motar. Kullum tana wucewa, mai ita yakan miƙo hannu ta taga ya karɓi jarida ba ko sallama. Manajan wani kamfanin kayan gini ne. Amma yau gilasai a rufe suke, bai ga mai tuƙi ba.

Sai washegari suka sami Manaja a ofis. Mutum ne mai ƙamshin turare da agogo mai nauyi. Bai ba su wurin zama ba. Ya ce jiya da safe motarsa tana gida, in suna so su je su duba ta, ko ƙwarzane babu.

Suka fita wurin ajiye motoci. Gaban motar fes, yana sheƙi. Sufeto ya durƙusa. Tsakanin bambar da fitilar hagu akwai rata, ya zura ɗan yatsa ya shige. Da rana ta haska, launin bambar ya ɗan fi na jikin motar duhu. Ya kai hanci, ya ji warin sabon fenti.

"Yaushe ka canza bamba?"

"Ni? Malam, ka san da wa kake magana? Ko ƙusa ba na sa wa motata in ba ta kamfani ba ce. Kayan kasuwa na irinku ne."

Sufeto ya haɗiye maganar. Ya danna bambar da babban yatsa, ta lotsa kamar murfin bokiti. Ya ce wa Manaja ya matso ya leƙa ƙasa. Ƙananan na'urorin da ke ƙara in mota ta kusanci abu suna reto a ciki, an ɗaure su da waya, don sabuwar bambar ba ta da ramukansu.

Manaja ya dafe kai, ya ce yanzu ya gane. Direbansa ne. Shi yake ɗaukar motar da safe ya sha mai. Lallai shi ya yi ɓarnar, ya rufe ta da wannan tarkace.

Aka kawo direban ofishin 'yan sanda. Magidanci ne ramamme, idanunsa jajur don rashin barci. Tun kafin a tambaye shi ya ce shi ne.

"Wane gefe ka buge shi?"

"Dama, ranka ya daɗe."

"A ina ka canza bambar?"

"A... a kasuwa."

"Wurin wa?"

Bai sani ba. Tsohuwar bambar fa? Ya ce ya jefa ta a juji. Wane juji? Ya sunkuyar da kai.

Ran Sufeto ya ɓaci. Ɓallin da ya tsinta na gefen hagu ne, lanƙwasarsa ta nuna. Ya tura Saje gidan direban. Saje ya dawo da labari: matar direban ta haihu jiya da asuba a asibiti, haihuwa mai wuya, kuma ma'aikatan sun ce mijin bai bar bakin ƙofa ba sai da rana ta take.

"Me ya yi maka alkawari?" in ji Sufeto.

Direban ya fashe da kuka. Ya ce Oga ya ce zai riƙe masa iyali, zai ɗauki lauya, ba zai daɗe a kurkuku ba. In kuma ya ƙi, ya nemi wani aiki, ya kwashe kayansa daga ɗakin da aka ba shi. Ina zai kai mai jego?

Sufeto ya ce masa a kan rai ake magana, in ya shiga, sai jaririn nan ya yi wayo bai san ubansa ba. Amma ya san maganar direba kaɗai ba za ta kama Manaja ba. Lauya zai ce bara ne ya juya wa ubangidansa baya. Ana bukatar abin da za a ɗora a kan tebur.

Ya zauna yana juya ɓallin a hannu, maganar Manaja tana dawo masa. Ko ƙusa.

"Saje, mutumin da ke wannan alfahari zai yar da bambar kamfani don ta fashe?"

"Wannan? Ko uwarsa ce ta ce ya yar, sai ya yi shawara."

Suka bi layin masu gyaran jikin mota, shago shago, suna tambayar masu liƙin roba. A wata rumfa ta ƙarshen layi suka ga bamba ruwan toka a kan benci, an goge ta, an fara ɗinke tsagar da ƙarfe mai zafi. A gefen hagu akwai rami. Sufeto ya ɗora ɓallin. Ya zauna daram, rabin tambarin ya haɗu da rabinsa.

Mai gyaran ya tsorata. Ya ce shi bai san komai ba. Mai motar da kansa ya kawo ta jiya da safe, shi kaɗai. Ya ce a sa masa ta kasuwa maza maza a fesa fenti, ta wucin gadi, amma kada a kuskura a yar da ta asalin, a liƙe ta a mayar masa. Tun jiya yake damunsa da waya, wai kunyar yawo da ta kasuwa yake ji.

"Me ya ce ya buge?"

"Kare, ranka ya daɗe."

Sufeto ya mayar da ɓallin aljihu. Sannan ya ce wa mai gyaran ya kira mai motar, ya ce aiki ya kammala.

Direbansa yana tsare a kan laifin da bai yi ba, amma Manaja bai ɓata lokaci ba. Ya iso da fara'a, ya wuce kai tsaye wurin bencin, ya shafa bambar kamar mai shafa kan ɗansa. Ya ga ramin, ya ɗaga murya yana tambayar dalilin da ba a cike shi ba.

"Ga cikon nan," in ji Sufeto daga bayansa, ya ajiye ɓallin a wurinsa.

Manaja ya dubi ɓallin, ya dubi mai gyaran, ya dubi Saje da ke tsaye a bakin rumfa. Ya zauna a kan wata tsohuwar taya. Ya ce waya yake dubawa, bai ga tsohon ba. Ya ce tsoro ne ya sa shi gudu. Ya roƙi a rufa masa asiri, shi mutum ne mai mutunci.

"Roba ka kasa yarwa," in ji Sufeto. "Amma ka yar da tsoho a kan titi ka kira shi kare, ka yar da mai jego da mijinta. Miƙo hannunka."

Da aka shigo da shi ofis, 'yar Baba tana zaune a kan benci. Ta tashi ta matso, ta dube shi sosai, shi kuwa ya kasa ɗaga ido. Sannan ta juya ta fita.

An saki direban da gargaɗi mai zafi, ya koma asibiti wurin matarsa. Kotu ta sami Manaja da laifin kisa ta hanyar ganganci, da gudu, da ɓoye shaida, da tilasta wa wani ɗaukar laifinsa. Ta ɗaure shi shekara goma sha biyu, ta kuma hana shi tuƙi har abada.