Duwatsun Nuwangi

Ranar Talata ce, a ƙarshen damina, ana kiran sallar magariba. A gidan Jiya Legbo an sauke tuwon shinkafa, matarsa Kashi tana marmasa busasshen kifi cikin miyar wake, shi kuma yana alwala a bakin rijiya. Dutse na farko ya faɗo kan kwanon ɗakinsa, ya gangaro a hankali, ya tsaya gab da ƙafarsa. Kafin ya ajiye buta wasu biyu suka biyo baya.

Kashi ta leƙa ta kan katanga tana zagin 'ya'yan maƙwabta, amma babu kowa a lungun. Jiya ya ɗauki dutsen. A jiƙe yake, da sanyin ƙasan ruwa a jikinsa. An shafa masa farin fenti, an rubuta suna da hannun yaro. Ya san dutsen, ya kuma san inda ya baro shi kwana huɗu da suka wuce. Ya zuba ukun a aljihu ya tafi masallaci.

Shekara tara ke nan da Jiya ya bar aikin gandun daji. Lokacin da ya dawo gida, rafin Nuwangi ya zama juji: leda, ɓuntun injin shinkafa, matattun kaji. Shi kaɗai ya shiga da manjagara da kwando, kullum bayan asuba. Mutanen unguwa suka sa masa suna Sarkin Bola. Ya dasa jema a gaɓa don ta riƙe ƙasa, ya dasa tukurwa, ya yi faɗa da masu injin har suka daina gaishe shi. A shekara ta bakwai ruwan ya koma gudu, tarwaɗa ta dawo, zalɓe ya soma sauka da hantsi.

A nan ne ƙanensa Saba, malamin firamare, ya kawo 'yan ajinsa wata Asabar su ga kifi. Kafin damina biyu abin ya zama ƙungiyar sa-kai, da iyaye da matasa da yara arba'in da ɗaya. Kowane yaro ya dasa malmo guda, ya ajiye dutse mai sunansa a gindinsa. Masu talabijin suka zo. Ɗayansu ya ce da Jiya, cikin ladabi, "Baba, ɗan matsa gefe, kana tare wa Malam haske." Saba ya ambaci sunan wansa sau uku a hirar, amma ba a sa wurin ba. Saba bai taɓa cin haƙƙinsa ba, kuma wannan ne ya fi ci wa Jiya rai, domin bai bar masa abin da zai kai ƙara a kansa ba.

Sai kuma Wodu, 'yarsa tilo, mai shekara goma sha uku. Tana kiran Saba Ndagi, kamar yadda ake kiran ƙanen uba da Nufanci. Ndagi ya ce mazari ba ya zama a kan ruwa mai dauɗa. Ndagi ya ce saiwar jema ta fi tsawon mutum. Duk abubuwan da Jiya ya koya wa Saba da bakinsa, su ne suke dawo masa a kan tabarmar cin abinci da sunan wani.

Ranar Juma'ar da ta gabaci jifan, da rana ta kusa faɗuwa, ya sauka rafin, ya tsince duwatsun yaran cikin kwando, ya kai su gurbin da ke ƙarƙashin tsohon ɓaure, inda ko masu wanki ba sa zuwa. Ya juye su ba bismillah. Ya kuma faɗi wata magana da shi kansa bai ɗauke ta a bakin komai ba.

Daga wannan Talatar jifan bai fasa ba. Ba ya zuwa da rana, ba ya wuce isha'i. Da ladan ya ɗaga murya, kaji sun shige akurki, sai gidan ya yi tsit, sannan kwano ya amsa, sau uku ko sau huɗu. Bayan jifan akan ji muryoyin yara a bayan rumbu suna ƙirga ɗaya, biyu, uku, a daƙushe, kamar masu magana da kai cikin randa. In an zagaya sai a tarar da ƙasar wurin a jiƙe. Jiya ne kullum yake riga kowa tsince duwatsun, yana zuba su a kwando ƙarƙashin gado.

Saba ya zo ranar Lahadi, ya durƙusa ya gaishe shi, ya zauna a bakin tabarma.

"Yaya, wai wa zai saci dutse? Ko an fara miya da shi ne ban ji ba?"

"Ku da kuke da talabijin, ku ba da cigiya mana."

Saba ya yi dariya. "Yaran sun kusa fasa wa juna kai. Kowa ya ce dogon malmon nasa ne, gajeren ba shi da uba. Ba don Wodu ba da an watse. Ita ta haddace na kowa."

"Ai 'yarka ce," in ji Jiya. "Ni ciyarwa kawai nake yi."

A rana ta goma sha ɗaya dutse ɗaya ne ya zo, kuma bai taɓa kwano ba. Wodu tana wanke-wanke a tsakar gida, ya faɗa cikin bahon da ke gabanta, ruwa ko motsi bai yi ba. Ta sa hannu ta ɗauko, ta karanta sunanta. Ta daɗe tana kallonsa. Da uwarta ta kira ta ba ta amsa ba, da ta taɓa ta sai ta ji jikinta da sanyi kamar tulu.

Kwana uku ba ta ci ba, ba ta yi magana ba. Takan zauna a gindin randa, ta jingina kunne da ita. Ko an sauya mata zane, kafin a jima ya jiƙe daga ƙasa. An kai ta asibiti aka ce babu zazzaɓi, babu komai a jini. A rana ta uku Kashi tana neman tsohon bargo ta jawo kwandon da ke ƙarƙashin gado. Ta ƙirga abin da ke ciki, ta ɗauke shi ta dire a gaban mijinta.

"Maigida, duwatsun nan ƙafa gare su?"

Ba ta sake tambaya ba. Ta yafa mayafi, ta tafi da kanta ta kira Malam Gimba, mai ruƙiyya.

Ya zo bayan la'asar a kan tsohon kekensa, dattijo siriri mai ƙaramar murya. Ya dubi yarinyar, ya dubi kwandon, ya sa aka kira Saba, ya ce a bar ƙofar ɗakin a buɗe. Kashi ta riƙe kafaɗun Wodu. Jiya ya zauna daf da kanta, Saba ya tsaya a bakin ƙofa. Malam ya soma karatu ba tare da gaggawa ba. Inuwar katanga ta ci rabin tsakar gida kafin yatsun ƙafar yarinyar su fara rawa. Sai ta buɗe ido, kuma abin da ya fito daga bakinta muryar tsohuwa ce, da irin Nufancin da kakanni suke yi.

"Ya isa, Malam. Kana ƙona ni, ni kuwa ba ni na fara ba."

"Wace ce ke?"

"Ba wanda ya rubuta sunana a dutse. Bar shi haka."

"Me ya kawo ki jikin yarinya?"

"Aike. Ubanta ya zo bakin ɗakina ya juye min tarkace a ka, ya ce, mai ruwan nan, in kana nan, raba ni da wanda yake jawo yaran nan. Tarkacen na mayar masa, ba na son warin fenti. Aiken kuwa na cika."

Kashi ta juya ta dubi mijinta. Saba ya sunkuyar da kai.

"Ƙanena nake nufi," in ji Jiya, da muryar da ba ta kai ƙofa ba.

Tsohuwar ta yi dariya ta bakin Wodu. "Wancan mai allin? Shi surutu kawai yake yi. Ni a ƙasa nake, ina ganin ƙafafu. Wannan yarinyar ce take bi gida-gida tana tattaro su, ita suke bi. Kana kwana gida ɗaya da ita ba ka sani ba."

Malam Gimba ya ce ta ji tsoron Allah ta fita. Ta ce za ta fita in kowa ya bar mata rafin. Ya ce ruwan na Allah ne, ba ita ta haƙa shi ba.

"Uban yarinyar ma bai haƙa ba. Tambaye shi na wa ne, ka ji."

Malam ya koma karatu, ya ɗaga murya kaɗan. Jikin yarinyar ya sandare, ruwa ya soma tsattsafowa daga tabarmar. Can muryar ta dawo, a gajiye.

"Tsaya. Shekara tara mutumin nan yana zuwa shi kaɗai. Na san tarinsa. Na bar masa ruwan ya gudu saboda ba ya hayaniya. Daga baya aka cika min kunne da 'ya'yan mutane, shi kuma ya daina kallon ruwan, sai kallon ƙanensa. To, ga biyu, ya zaɓa. Ko ya dawo shi kaɗai kamar da, kada ƙafar yaro ta sake taka gaɓar, har da wannan. Ko yaran su riƙe daga ɓaure zuwa ƙasa, su bar min gurbina, shi kuma kada in ƙara ganin inuwarsa a kan ruwan har ya mutu. Ko wanne ya ɗauka zan sake ta."

"Ba ki da mulki a kan ɗan Adam," in ji Malam.

"Ba ni da shi. Ci gaba da karatunka, zan fita gobe ko jibi. Ka dai dubi yarinyar ka gani ko tana da jibi."

Malam ya dubi leɓunan Wodu da suka bushe suka tsage. Sannan ya juya ga Jiya.

A zuciyarsa Jiya ya hango rafin da asuba, babu kowa, jema tana kaɗawa, babu mai ce masa ya matsa gefe. Shirun ya yi tsawon da kowa a ɗakin ya gane abin da yake aunawa.

"Tunani kake yi?" in ji Kashi.

Saba ne ya katse, daga bakin ƙofa. "Yaya, ɗauki na farko. Aikinka ne tun asali. Yaran zan nema musu wani wuri, ko bayan makaranta ne. Na bar maka."

Da gaskiya ya faɗa, kuma Jiya ya san da gaskiya ya faɗa. Abin da bai iya haɗiyewa ba shi ne ya karɓi Nuwangi kyauta daga hannun Saba, unguwa ta ƙara da cewa Malam Saba ya bar wa wansa.

"Ba ka da abin bar min," ya ce. Ya dubi fuskar 'yarsa, inda tsohuwar take jira. "Na biyun. Ba zan ƙara zuwa ba."

Muryar ta amsa a hankali.

"Ashe haka. To, ka zauna da su."

Malam Gimba ya sa ta yi rantsuwa ba za ta dawo ba, ba za ta taɓa yaro ko ɗaya ba, ya ce ta fita ta inda ta shiga. Wodu ta yi atishawa sau uku, jikinta ya saki a hannun uwarta. A masallacin unguwa aka kira magariba. Duk suka kasa kunne ga kwanon ɗakin har ladan ya gama, ba abin da ya faɗo.

Yarinyar ta buɗe ido. Kashi ta ba ta ruwa a ludayi, ta sha, ta nemi ƙari. Fuskar ubanta ce mafi kusa da ita, ya sunkuyo har gemunsa yana taɓa goshinta. Ta dube shi, ta dubi bayansa.

"Nna, yau wace rana ce? Ba a yi wa malmo ban-ruwa ba. Ina Ndagi?"

Jiya ya miƙe, ya matsa jikin bango, Saba ya shigo ya zauna a inda ya tashi.