Taraktar da Ta Ƙi Mutuwa

Daren Talata, bayan isha'i, mutanen wani layi a iyakar Sabon Gari da Fagge suka fara jin wata ƙara kamar daga ƙarƙashin ƙasa. Ba ta janareta ba ce, don shi janareta ihu yake yi. Wannan gurnani ne mai nauyi, kamar an rufe bijimi a rijiya. Ruwan randuna ya kwana yana rawa. Gab da asuba abin ya yi tari sau uku, ya yi shiru.

Ƙarfe bakwai na safe aka kira Insifeta Bahauddeen zuwa garejin Hajiya Zara. Ɗaki ne na bulo mai ƙofar ƙarfe, babu taga, inda ake ajiye tsohuwar taraktar da take ba manoma haya. A bayan tarin buhuna aka sami gawar Baba Nehemiya, tsohon da ke kula da wurin. Kunnensa ya mutu shekara goma da suka wuce, kuma in ya yi barci sai an girgiza shi. Babu rauni a jikinsa. Hayaƙi ne ya kashe shi.

Insifeta mutum ne mai kallon ƙasa kafin ya kalli mutane. Ya ga tsaka guda tara sun faɗo daga rufi, duk sun mutu, cikinsu a sama. Ya leƙa tankin mai, babu ko ɗigo. Babu makulli a jikin taraktar. Da ya zagaya gefen inji, sai ya ga an kwance kan batir, wayar tana lilo.

Wani mutum mai shekara arba'in ya matso, hannunsa na dama a aljihu.

"Yallaɓai, ni ne Mala, ƙanen Hajiya. Ba sai ka wahala ba. Kyari ne, direban."

"Ka gan shi?"

"Halinsa ne. Batirin ba ƙarfi, sai ya bar ta a silo, tana aiki a tsaye, don kada ta ƙi tashi da safe. Na sha yi wa Yaya magana."

"Kai me kake yi?"

"Bas nake ja da. Yanzu dai ina zaune."

Kafin azahar Kyari yana tsare a bayan kanta a ofishin 'yan sanda, an rubuta masa laifin sakacin da ya kashe rai. Dattijo ne siriri, ɗan Kwaciri, makullin taraktar na rataye a ɗamararsa.

"Kana barin ta a kunne ka tafi?" in ji Insifeta.

"Ban taɓa ba."

"Malam Kyari, masu shaguna uku sun ce suna jin ta tana aiki kai kana shan shayi."

Kyari ya sunkuyar da kai. "To, na yi ƙarya. Tsoro ne. In ta dawo daga gona da zafi, nakan ba ta minti biyar ta huce. Ko doki ba a ɗaure shi yana haki. Amma ina da ƙa'ida, Yallaɓai. In tsayuwar ta fi tsawon sallar la'asar, kashewa nake yi. Dizal a silo ba hutu take ba, cin kanta take yi. Salansa ya riƙa zubar da baƙin yawu, mai ya tafi a banza. Wai in bar ta ta kwana? Ni na taya Baba shimfiɗa buhunan da yake kwana a kai, tun da rufin ɗakinsa ya fara yoyo."

"Me ya sa ka kwance kan batir?"

Kyari ya ɗago. "An kwance? Don me?"

"Ƙila don a kashe ta."

"Wa zai kashe dizal da batir? In ta tashi ta tashi. Ko makulli ka zare, ba ruwanta. Akwai wani ɗan jan maɓalli a ƙarƙashin sitiyari. Shi ake ja, ya datse mai."

Insifeta ya daɗe yana kallonsa. Shi kansa shekara ashirin yana tuƙa mota, bai san akwai injin da ba ya jin maganar makulli ba.

Ya koma layin. Maƙwabciyar garejin, Edith mai sayar da abinci, tana zaune a benci ba ta hura wuta ba. Ita ta gano gawar da ta kai wa tsohon koko.

"Yaya kika sami ƙofar?"

"A rufe, Oga. An cusa buhuna a ƙarƙashinta, ta waje. Ni na jaye su."

"Ƙarar fa?"

"Da farko da ƙarfi, har ana ba ta wuta kamar ɗan koyo. Can sai na ji ƙofa, sai ta koma ciki-ciki. Kyari ba ya ba ta wuta haka. Lallaɓa ta yake kamar tsohuwarsa."

Daga nan ya wuce Rijiyar Lemo wurin Hajiya Zara. Ya tambaye ta ko akwai makulli na biyu. Ta ce yana cikin kwanon da ke kan kabad. Ta ɗauko kwanon, ta zazzage shi a kan tabarma: allurai, maɓallan riga, tsohon layin waya. Ta sake dubawa. Babu makulli, ba ta kuma kalli Insifeta ba.

Washegari ya sa aka turo taraktar tsakiyar fili. Aka zuba mai, aka ɗaura batir, aka kawo Kyari ya fitar da iskar da ta shiga bututun mai. Taraktar ta tashi. Mutanen layi suka taru.

"Malam Mala," in ji Insifeta, "kai direba ne. Taimaka ka kashe mana ita."

Mala ya hau. Da hannun hagu ya murɗa makulli, ya zare. Taraktar ta ci gaba da gurnaninta. Ya mayar, ya sake murɗawa. Zufa ta karyo masa. Idonsa ya tafi gefen inji, inda batir yake, ya tsaya a can.

"Ba can ba ne," in ji Insifeta a hankali. "Ka riga ka gwada can. Fito da hannunka na dama."

A bayan hannun akwai doguwar ƙuna mai ruwa, daidai faɗin bututun salansa da ke kusa da batir.

Kyari ya miƙa yatsu biyu ya ja jan maɓallin. Injin ya yi ajiyar zuciya ya mutu. Har kukan tantabarun kan rufi aka ji.

Mala ya zauna a kan taya.

"Koyo kawai na zo yi. Shekara uku ina bin Kyari ya nuna mini, kullum sai ya ce gobe. In zai kashe ta, juya mini baya yake yi, ya rufe da babbar riga. Na ɗauko makullin Yaya, na ce in gwada ni kaɗai. Ta tashi, ta ƙi mutuwa. Na zare makulli, na kwance batir, duk a banza. Na ji kunyar a taru a kaina, a ce direban bas ya kasa kashe inji. Sai na rufe ƙofa na toshe, na ce mai zai ƙare da kansa. Wallahi ban san Baba na ciki ba."

"Wannan na yarda," in ji Insifeta. "Amma da safe ka sani, ka kuma nuna mini wani."

Mala ya ciro makulli na biyu daga aljihu ya ajiye a kan taya. Wani kofur ya sa masa ankwa a sassauce saboda ƙunar, aka wuce da shi mota. Insifeta ya ce wa Kyari ya biyo su ofis ya sa hannu kafin ya tafi gida.

Kyari ya tsaya yana goge sitiyari da gefen rigarsa. Edith ta taso daga benci ta zo ta leƙa ƙarƙashin sitiyarin, ta taɓa maɓallin da ɗan yatsa. Bai kai girman goro ba.

"Malam Kyari," ta ce, "wannan ɗan abin ne ka yi shekara uku kana ɓoyewa?"

Kyari ya ci gaba da gogewa. Insifeta ya rufe littafinsa ya nufi mota.