Rigar da Na Aika wa Mish'al

"Ni fa ba na ɗaukar wa kowa saƙo, 'yata."

Haka matar ta ce min, ta turo ledar gabana da gwiwar hannu, don lallen da na zana mata bai bushe ba.

Muna wani ɗakin otal a unguwar Jarwal, cikin Makka, cikina ya tsufa, ƙafafuna sun kumbura. Ta ce an gargaɗe su tun a gida kada su karɓi kayan kowa a Makka, balle kaya mai wayoyi da batir. Ta ce in an tsare ta a filin jirgi wa za ta ce ya ba ta?

Ban san lokacin da hawaye ya zubo min ba...

Ku tsaya in faro muku daga farko, don ni in ina murna sai in riƙa haɗa labari gaba da baya. Yanzu haka 'yata Mujahida na kan cinyata tana barci, fara sol, ga gashi, kowa ya gan ta sai ya ce masha Allah.

Sunana Raihana. A unguwar Nakkasa ta Makka aka haife ni, ba ni da iƙama, wato takardar izinin zama, karatuna bai yi nisa ba, lalle nake yi wa masu Umra. Mijina Mish'al ɗan ƙasar Saudiyya ne, kakanninsa ne suka zo daga Kano. Aikinsa nutso a teku, ya'ani shiga ƙarƙashin ruwa da tukunyar iska a baya. A Jidda yake yi, ruwan can kuwa ɗumi gare shi kamar na wanka.

Mahaifiyarsa, Hajiya Ɗaso, ba ta taɓa sona ba. Hadil ta so ya aura, 'yar ƙaninta, mai mota da takardar jami'a. Ni ko gidanta na je gaisuwa, da Larabci take amsa min, alhali ta fi ni jin Hausa.

Da aka fara rusa unguwarmu aka shafa wa gidanmu jan fenti, alamar shi ma za a rushe shi, sai ya zo min da maganar ya samu shugul, wato aiki, a ƙasar Norwe, gyaran ragar da ake kiwon kifi a cikin teku. Ya ce in ya yi, zai kama mana gidan da ba mai tashinmu. Na ce ban yarda ba. Na yi kuka, na yi fushi, har na ce masa in ya tafi kada ya kira ni.

Ya dube ni ya ce, "Habibti, don ke zan tafi."

Ya tafi. Kuma bai kira ba.

Da fushin ya sauka na kira shi, ba ya ɗauka. Aka rushe gidan, na koma ɗaki guda a gidan Tsoho, abokin aikinsa na Jidda wanda ya bar nutso, da matarsa Khairiyya. Hadil ta zo har can da turarenta, ko zama ba ta yi ba. Ta ce min in shirya, takardar saki na hanya. Ashe shi kuma ta ce masa ni ce na je wajen Hajiya ina neman a raba auren, wai na gaji. Wannan sai daga baya na sani.

Wata rana ina tankaɗe a tsakar gida na ji Tsoho yana gaya wa Khairiyya cewa sun yi waya da Mish'al, wai sanyin ruwan yana kashe masa hannuwa, in ya fito ko kofin shayi ba ya iya riƙewa. Rigar ɗumin da yake sawa ta aro ce, batirinta ya tsufa, yana mutuwa tun yana ƙasa.

Na ajiye rariyar na ce, "Yaya Tsoho, riga ce ke da batir?"

Ya yi dariya, ya zauna ya yi min bayani. Ya ce akwai rigar roba ta waje wadda ruwa ba ya shiga, a ƙarƙashinta kuma ake sa wata kamar singileti mai siraran wayoyi, in an kunna sai ta ɗau ɗumi. Ya ce abin tsoron ba sanyin kaɗai ba ne. In mutum ya ji ɗumi a ƙasa, sannan batir ya mutu lokacin da yake hawowa sannu a hankali, jiki ya sandare, iskar da ta shiga jini ba ta fita yadda ya kamata. Ita ce ke shanye wa mutum ƙafa ko hannu.



Na sayar da 'yan kunnena da awarwaron da Ummata ta bar min. Muka zauna mu uku a kan wayar Tsoho muna zaɓe. Ni na ga wata mai batir a aljihun ciki, ta yi min kyau, ya ce a'a, a ɗauki wadda batirinta ke rataye a ƙugu ta waje, don in ta yi zafi fiye da kima ya iya kashewa, tunda ba a tuɓe riga a ƙasan teku. Na nuna wani ƙaton batir na ce to wannan, ba zai mutu ba. Ya ce jirgin sama ba ya ɗaukar irinsa. Sai dai ƙanana guda biyu, waɗanda lambar jikinsu ba ta wuce ɗari ba, kuma a jakar hannu ake riƙe su, ba a cikin akwati ba.

Da aka zo kan girman rigar, Tsoho ya ce dole ta kama jiki. Na ɗauko tsohuwar singiletinsa da nake ajiye a ƙarƙashin filo. Khairiyya ta kau da kai. Tsoho ya ce a rage lamba ɗaya, don a hoton da ya gani Mish'al ya rame.

Nan ma na yi kuka.

Kaya suka iso, saura mai kaiwa. Mu a nan kun san yadda muke, saƙo ta hannun alhazai yake tafiya. Na bi otal-otal ɗin Jarwal da kwanon lallena ina tambayar ko akwai wadda ta zo daga Norwe. Wannan ta ce Maraɗi, waccan ta ce Gusau, wata tsohuwa ma ta tambaye ni ko Norwe ɗin ta wajen Agadas take. Har Allah Ya haɗa ni da Hajiya Khadijatul Kubra, Bahaushiyar Kumasi, tana aikin jinya a can Norwe.

Ita ce ta ce ba ta ɗauka.

To da na share hawayen, sai na zazzage ledar a kan gadonta. Na cire mayafina, na zura rigar a kan doguwar rigata, ta tsaya a saman cikin ta ƙi sauka. Na haɗa batir na kunna. A zafin Makka, ga na'urar sanyin ɗakin ta lalace. Gumi ya fara keto min, na kama hannunta na ɗora a bayana, lallen ya ɓata rigar.

"Mama, ki ji. Ɗumi ne kawai. Uban abin da ke cikin nan ne yake jin sanyi."

Ta bar hannunta a bayana tana jin ɗumin. Can ta ce in kashe kafin in dafa mata jika. Ta sa batiran a jakarta kusa da fasfo. Na ce ta gaya masa kada ya kunna da ƙarfi tun a ƙasa, ya bar wa lokacin hawowa. Ta ce shi ke nan saƙon? Na ce shi ke nan.

Saƙon bai same shi a bakin teku ba.

A asibiti ya same shi.

Abin da Tsoho ya faɗa shi ya faru, tun Hajiya Khadija ba ta bar Makka ba. Ta ce da ta shiga ɗakin yana kwance ya juya wa ƙofa baya. Ta ajiye masa rigar, ya ga shatin lalle a jiki, ya tambaye ta wa ya aiko. Da ta faɗa, sai ya ce ai matar nan ta nemi saki. Ta ce masa ita dai ba ta taɓa ganin mai neman saki ta dafa kanta a Jarwal ba.

Ina ɗakin haihuwa ya kira. Khairiyya ta kara min wayar a kunne, ban ji komai ba sai kukansa da nawa.

Ya dawo bayan suna. Hajiya Ɗaso da Hadil suka tare shi a Jidda, an gyara masa ɗaki a gidansu. Ya ce wa direba ya wuce gidan Tsoho. Hajiya ta ce in ya je kada ya sake taka mata gida. Har yau ba ta zo ganin jikarta ba, amma jiya ta aiko da zani, ba ta ce na wa ba ne.

Gidan Tsoho a kan tudu yake, mota ba ta hawa. Ina leƙe ta taga na gan shi yana tahowa da sanda, ƙafar hagu tana jan ƙasa. Mutumin da ke ɗaukar tukunyar iska biyu da gudu. Na so in sauka, Khairiyya ta riƙe ni ta ce in bar shi ya iso da kansa.

Ya iso. Ya zauna a bakin ƙofa yana haki, ya kasa kallona.

"Raihana... likita ya ce na gama shiga ruwa. Ban kawo gidan ba. Kuma ban iya wani aiki ba."

Ga miya tana neman kamawa a kan wuta, ga yarinya ta fara tsala kuka. Na durƙusa na ɗora masa ita a cinyar da ke da lafiya.

"Abu Mujahida, riƙe min ita in sauke tukunya."

Ya riƙe ta da hannu biyu. Da na dawo ta yi shiru, shi ne yake kuka.