Sheƙar Inna Tasalla

Ƙwayar gero miliyan bakwai na zuba daga ƙwarya cikin majigin haske, kowacce na bin nata lissafin. Iskar kwamfuta ta kwashe ƙaiƙayi gefe, tsaba ta sauka tsaf. Ko gero ɗaya babu a ɗakin, sai lambobi.

Shekara ashirin da shida Dakta Ilu Tsanyawa ya yi yana koya wa na'ura yadda abu ke faɗuwa: ruwa, yashi, hayaƙi. Masu finafinan Sabuwar Gusau dukkansu da lissafinsa suke aiki. Sheƙa kaɗai ta gagare shi, don tun da injuna suka karɓe gonaki ba wanda ya iya ta sai mahaifiyarsa. Ya ɗauko Inna Tasalla daga ƙauye, ya liƙa mata na'urorin auna motsi, aka hau rufin bene mai hawa sittin inda iska take.

Ita kuwa sai ta ɗaga ƙwarya ta tsaya cak.

"Inna, ki zuba mana."

"Kai Ilu, gaggawa aikin shaiɗan. Iska ake jira. Zo ka ji yadda muka yi da babanka shekarar fari."

"Sai an jima, Inna."

Kullum haka. Tana jira tana hira, tana dariya, yana duban allo. Da ma'ajiyar bayanai ta cika, ya umarci na'ura ta goge duk inda gero ba ya motsi. Awa ɗari uku suka tafi, aka bar minti goma sha ɗaya. Wai shi mai ilimi!

Aikin ya ci lambar yabo. Da damina Inna ta rasu.

Bayan sadakar bakwai ya koma ofis, kewa ta ishe shi. Ya kunna majigi, ga ta nan da zanenta, tana zuba gero, baki a rufe.

"Dawo da abin da na goge," ya ce wa na'urar.

"Babu shi, Dakta."

Sai ya kashe iskar kwamfutar, ko Inna za ta tsaya ta jira, ko za ta juyo. Ina! Ba a bar mata jira ba. Ta ci gaba da zubawa, tsaba da ƙaiƙayi na sauka wuri ɗaya, abin da Inna ba ta taɓa yi ba a rayuwarta.

Ilu ya durƙusa gabanta yana kuka.

"Inna, na zo. Ya kuka yi da Baba?"